Kwalejojin al'umma a Amurka: shiga da sauƙi, wucewa gaba da wuya

A shekarar 1901, ɗalibai shida suka fara karatun gaba da sakandare a cikin ginin makarantar sakandaren garin Joliet, a jihar Ilinoi. Shugaban makarantar, J. Stanley Brown, da shugaban Jami'ar Shikago, William Rainey Harper, su suka ƙulla shirin. Manufarsu ita ce yaro ya yi shekara biyun farko na digiri kusa da gida, da kuɗi kaɗan, sannan ya wuce jami'a ya ƙarasa. Daga nan Kwalejin Joliet ta samo asali, kuma ita ake lissafawa a matsayin mafi daɗewa cikin kwalejojin gwamnati masu shekara biyu a ƙasar.

Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba makarantun sakandare wannan dama a 1907. Amma bunƙasa ta gaske sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu: dokar 1944 ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji, kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya yayata sunan "kwalejin al'umma" a rahotonsa na 1947, a shekarun 1960 kuwa kusan kowane mako sai an buɗe sabuwa. Duk mai shaidar kammala sakandare ana karɓarsa, ko matashi ne ko magidanci mai aikin dare.

Wannan abin a yaba ne. Sai dai alƙawarin da aka kafa Joliet a kansa, wato wucewa jami'a, shi ne har yau bai cika yadda ya kamata ba.

Ga yadda lissafin yake. Kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas ɗin da ɗalibi ya ci. Shaidar shekara biyu kiredit 60 ce, kamar kwas ashirin masu kiredit uku-uku. Digirin farko kiredit 120 ne. A takarda, ɗalibi ya ci rabin tafiya. Amma binciken da ofishin bin diddigin ayyukan gwamnatin tarayya ya fitar a 2017 ya nuna masu tashi daga kwalejin gwamnati zuwa jami'ar gwamnati suna asarar kimanin kashi 22 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Cikin 60, wajen 13 ke nan, kusan zangon karatu guda. Sau da yawa jami'a takan karɓi kwas ɗin, amma ta ajiye shi cikin na zaɓi, sashen da ɗalibin zai shiga kuma ya ce sai an sake nasu. Ya biya sau biyu, ya zauna aji sau biyu.

Ga kuma azuzuwan share fage. Jarrabawar tantancewa guda takan tura ɗalibi ya yi zango biyu ko uku yana maimaita lissafi da Turanci, ba tare da kiredit ko ɗaya ba. Tallafin Pell, wato kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, kuwa iyakarsa zango goma sha biyu a rayuwar mutum, kuma waɗannan azuzuwan suna cin rabonsu a ciki.

Masu kare jami'o'i suna cewa kowace jami'a tana da haƙƙin kare ingancin digirinta. Gaskiya ne, amma maganin hakan shi ne a daidaita manhaja tun kafin ɗalibi ya yi rajista. Jihar Filorida ta daɗe da ba kwasa-kwasan kwalejoji da jami'o'inta lamba iri ɗaya, ta kuma tabbatar wa mai shaidar shekara biyu gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar. Kalifoniya ta yi makamanciyar dokar a 2010, sannan a 2017 ta wajabta wa kwalejoji duba sakamakon sakandare kafin su tura kowa ajin share fage. Ya kamata sauran majalisun jihohi su mayar da irin wannan tsari doka, domin yarjejeniya tsakanin kwaleji ɗaya da jami'a ɗaya takan canza da zarar shugaban sashe ya canza.