Fenti a Kan Tsatsa Ba Gyara Ba Ne

Abin da ke ba ni haushi game da wasu masu gyaran jikin mota shi ne yadda suke rufe tsatsa maimakon su cire ta. Za ka kai motarka saboda fenti ya fara kumbura a gindin ƙofa, sai su shafa fila, wato abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, su fesa sabon fenti, su karɓi kuɗinsu, alhali tsatsar tana nan tana cin ƙarfen, kuma damina ɗaya ta isa ta tona asirin aikin. Gyara na gaskiya shi ne a goge wurin da sanfefa ko burushin waya har sai farin ƙarfe ya bayyana, a yanke inda ya ruɓe a yi walda, sannan a shafa fentin farko mai hana tsatsa.

Ƙarƙashin mota kuwa babu mai leƙawa, duk da cewa motoci da yawa da ake shigowa da su daga Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake watsawa a tituna lokacin dusar ƙanƙara. Ga kuma lakar da ke maƙalewa a bayan tayoyi tana riƙe danshi, amma mai wankin mota ba zai taɓa ta ba sai ka tsaya a kansa.