Kafin Ka Yi Wa Ɗan Gudun Hijira Gori

'Yan'uwana matasa, akwai wani gori da ya fara zama ruwan dare a bakinmu, yana kuwa ci mini rai. Da an samu saɓani da wanda tashin hankali ya koro daga garinsu, sai ka ji an ce, "Kai da kake ɗan gudun hijira ma har kana da baki?" Wallahi mai faɗin haka bai san nauyin abin da ya furta ba.

Daga Larabci muka aro hijira. Tushenta "hajara", wato ƙaurace wa abu, ka rabu da shi. Da wannan lafazin ne Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Sahabbai sun fara ɗanɗana ɗacinta wajen shekarar 615, da azabar Ƙuraishawa ta kora su Habasha, inda Najjashi, sarki Kirista, ya ƙi miƙa su ga jakadun Makka. Babbar ta zo a 622, zuwa Madina, tafiyar fiye da kilomita 400.

Ku dubi Ummu Salama. Ta hau raƙumi da ɗanta, danginta suka tare su suka raba ta da mijinta, dangin mijin kuma suka fizge yaron har hannunsa ya goce. Kusan shekara guda tana fita bayan gari kullum tana kuka kafin a ƙyale ta ta tafi. Suhaibu kuwa sai da ya sallama dukiyarsa kaf aka ba shi hanya. Waɗannan su ne Muhajirai, kuma da tafiyarsu Sayyidina Umar ya fara ƙidayar shekarun Musulunci. To, ina abin gori a nan?

Wanda yake zaune lafiya a gidansu, gurbin Ansar, mutanen Madina da suka karɓi Muhajirai, yake kai, ko ya sani ko bai sani ba. Sa'adu ɗan Rabi'u na Ansar rabin dukiyarsa ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu, ɗaya daga cikin Muhajirai, tayi. Ba a ce ka kai nan ba, amma kada ka tsauwala wa ɗan gudun hijira kuɗin haya don ka ga ba shi da mafita, kada ka hana ƙaninka wasa da ɗansa. In kana da sana'a, ja shi jikinka ka koya masa.

Kai kuma da aka koro, kada ka sunkuyar da kai, kada ka miƙe ƙafa kana jiran tallafi. Abdurrahman addu'ar albarka ya yi wa Sa'adu, sannan ya ce a nuna masa hanyar kasuwa.