Yankari Na Da Nisa, Filin Unguwa Kuma An Yanka Shi

Washegarin ƙaramar Sallah, bayan mun gama zagayen gaishe-gaishen dangi, autata ta tsare ni a zaure da tambayar da kowane magidanci a birnin Kano ya san nauyinta: "Baba, yau ina za ka kai mu?" Na tsaya ina lissafi a zuci, sai na ga lissafin bai wuce yatsun hannu ɗaya ba. Akwai Gidan Zoo, wanda a irin wannan rana rabin gari can yake nufa, har mutum ya shafe awa guda a layin tikiti da yaro a kafaɗa. Akwai manyan kantunan zamani, inda yara za su sha sanyin na'ura su ɗauki hoto, uba kuma ya dawo gida aljihu a bushe. Daga nan sai wuraren wasan yara na 'yan kasuwa, waɗanda kowane lilo da kuɗinsa. Abin da na rasa shi ne wurin da zan kama hannun yaran nan mu taka da ƙafa, mu shimfiɗa tabarma a inuwa, su yi guje-gujensu ina kallo, ba tare da na biya kowa ko sisi ba.

Ba rashin wuraren shan iska ne ke damun Arewa ba, domin Allah ya hore mana su. Dajin Yankari da ke jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, yana da faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000, ga giwaye, ga ruwan ɗumi na Wikki da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, rani da damina ɗuminsa bai sauyawa. Gashaka Gumti da ya ratsa Taraba da Adamawa shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, kuma a cikinsa ne tsaunin da ya fi kowane tsayi a ƙasar yake. A fadamun Haɗeja da Nguru, tsuntsaye kan taso tun daga Turai su yi hunturu a Baturiya da Dagona. A Kaduna akwai lambun shaƙatawa na Ƙofar Gamji a bakin kogi, da tsohuwar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. A Kano kanta akwai Dutsen Dala da Gwauron Dutse, akwai madatsun ruwa na Tiga da Bagauda, akwai dajin Falgore, wanda yana cikin dazuzzuka goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a ɗaga darajarsu zuwa gandun daji na ƙasa. Duk wanda ya ce ba mu da wurin zuwa, bai san ƙasarsa ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin wuri ya wanzu da kuma talaka ya iya kai ƙafarsa can. Magidancin da ke Kurna ko Ɗorayi, in zai kai iyalinsa Yankari, sai ya tanadi kuɗin mota zuwa Bauchi, sannan ya ƙara tafiyar fiye da kilomita 100 kafin ya isa sansanin Wikki, ga kuɗin shiga, ga na masauki, ga na abinci, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 wannan lissafi ya fi ƙarfin albashin mafi yawan ma'aikata. Inda kuɗi bai hana ba, tsoro ya hana. Gandun dajin Kamuku yana ƙasar Birnin Gwari ne, kuma sunan yankin kaɗai ya isa ya sa mai iyali ya fasa. A Maiduguri kuwa, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 ta yi wa gidan namun daji na Sanda Kyarimi mummunar ɓarna. Irin waɗannan wurare na tafiyar shekara-shekara ne ga mai hali, ko ta sau ɗaya a rayuwa ga ɗalibin da makarantarsu ta shirya ziyara. Ba su ne za su amsa tambayar yaron da ya taso daga Islamiyya da la'asar yana neman inda zai buga ƙwallo ba.

A nan ne nake ganin hukumominmu suka yi kuskuren fahimta. Duk lokacin da aka ɗauko zancen shaƙatawa, sai a mayar da shi zancen yawon buɗe ido, a shiga lissafin baƙin da za su zo daga waje da kuɗin shigar da za a samu, a ƙaddamar da gyaran otal a bakin madatsar ruwa, a yanka zare a watse. Ba na ƙin wannan, amma abin da ya fi shafar lafiya da tarbiyyar mutanen gari shi ne filin da ke kusa, wanda tsoho zai iya dogara sandarsa ya isa, uwa kuma ta aiki babbar 'yarta ta raka ƙannenta ba tare da sun tsallaka titi uku ba. Shi kuwa wannan fili babu wanda ke yanka masa zare, shi ake yankawa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Garin Bahaushe tun asali da dandali aka san shi, inda 'yan mata ke gaɗa da daddare, samari na langa da kokawa bayan kaka, dattawa kuma na da gindin durumi ko ceɗiya da suke majalisa. Ganuwar Kano da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, ta haɗa da gonaki da sarari mai yawa, domin in an yi wa gari ƙawanya mutane su sami abin ci da wurin kiwo, kuma Baturen Jamus Heinrich Barth da ya shigo birnin a 1851 ya tarar da wannan sarari yana nan. Hatta kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suna da aikinsu, domin su ne ke shanye ruwan sama su kuma rage wa unguwa zafi, ko da yake ba a raba su da sauro da shara. Yau an cike da yawa daga cikinsu an yi gini, shi ya sa ruwan awa biyu kan mayar da wasu lunguna kogi. An sare badala an kafa shaguna, an yanki jikin katangar makarantu da maƙabartu, har filin Idi bai tsira ba, kuma kowa ya ga taƙaddamar da ta kai ga rusau ɗin da gwamnatin jihar Kano ta yi wa irin waɗannan gine-gine a 2023. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, amma a aikace fili marar gini ya zama kamar kazar da ba ta da mai ita, kowace gwamnati ta zo sai ta fige nata gashin.

Filin da na koyi ƙwallo a cikinsa yana bayan makarantar firamaren unguwarmu ne. Bishiyoyin darbejiya shida ne a gefensa na gabas, da wata tsamiya da muke rataye rigunanmu a jikinta, kuma da duwatsu muke yin raga. Ranar da na koma na tarar da jerin shaguna masu ƙofar ƙarfe, mai cajin waya a nan, mai sayar da siminti a can, tsamiyar kuma ko kututturenta babu. Na tambayi wani dattijo da ya san mahaifina yadda aka yi, sai ya ce: "Ɗana, da safe muka tashi muka ga an kafa duwatsun awo. Muka je wurin mai unguwa, ya ce shi ma daga sama aka sanar da shi." Yaran unguwar yanzu a kan kwalta suke buga ƙwallonsu, in ɗan adaidaita sahu ya taho su ɗauke ragar takalmansu, in ya wuce su mayar.

Na san amsar da wasu za su ba ni, cewa wanda bai ci ya ƙoshi ba ina ruwansa da shan iska, kuma shago yana samar da abin yi alhali fili ba ya ciyar da kowa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a juye take. Mai kuɗi ba ya buƙatar filin unguwa, domin gidansa akwai lambu da janareta, yana da rajista a filin folo ko na golf, in zafi ya yi yawa kuma ya hau jirgi. Wanda ke buƙatarsa shi ne mai ɗaki biyu da 'ya'ya takwas a ƙarƙashin kwanon rufi, a watan Afrilu lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 kuma babu wutar lantarki. Shi ne mai hawan jini ko ciwon suga da likita ya ce masa ya riƙa tattaki kullum, ya fito ya rasa inda zai taka sai gefen titin da 'yan tireda suka mamaye. Shi ne matashin da in bai gajiyar da jikinsa a fili ba, zai ƙarar da yammacinsa a bakin kwata tare da waɗanda za su koya masa abin da iyayensa ba sa so. Muna kuka da shaye-shaye da faɗan daba, amma ba mu cika haɗa wannan kuka da filayen da muka ƙwace wa yaran nan ba.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi, wato tsoron kada wurin shaƙatawa ya koma matattarar baɗala, kuma duk wanda ya ga yadda wasu lambuna suka zama da daddare ba zai ce tsoron banza ba ne. Sai dai wurin da aka yi watsi da shi ne ke lalacewa, wanda babu fitila, babu mai gadi, babu lokacin buɗewa da rufewa. Lambun da ke da katanga gajera da ake hango cikinsa daga waje, wanda ake rufewa bayan magariba, kuma kwamitin dattawan unguwa ke sa ido a kansa, ya fi lungu mai duhu aminci nesa ba kusa ba. Kuma a wannan muhawara ana mantawa da mata, waɗanda su ne suka fi kowa rashin wurin fita. Namiji ko ba komai yana da majalisa da teburin mai shayi, amma matar aure in ba biki ko suna ko asibiti ba, sai ta yi wata ba ta ga sararin da ya fi tsakar gidanta faɗi ba. Keɓe wasu ranaku ko wasu awanni ga mata da ƙananan yara, da mata masu gadi a ƙofa, bai saɓa wa addini ko al'ada ba, kuma kuɗin da zai ci bai taka kara ya karya ba.

Ko 'yan wuraren da suka rage ma, gano su aiki ne. Mutum zai duba taswirar Google a wayarsa ya ga sunan lambu, ya ƙona mai ya je, ya tarar an mayar da shi wurin biki ko an rufe shi shekaru da suka wuce. Kuɗin shiga da lokacin buɗewa da halin da hanya take ciki, duk sai dai a ji a bakin wanda ya je. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma kowace mazaɓa tana da kansila da masu unguwanni da suka san kowace kusurwa. Ba abin da zai hana a bi mazaɓa-mazaɓa a rubuta duk filin wasa da lambu da kududdufin da ya rage, a auna shi, a kafa allo a bakinsa da sunansa da girmansa, a buga jerin a jaridar gwamnati da intanet, a kuma karanta shi a rediyo inda mutanenmu suka fi saurare. Amfanin wannan biyu ne, domin mai iyali zai san inda zai nufa, sannan filin da jama'a suka san da zamansa a rubuce yana da wuyar sacewa cikin dare. In majalisar dokoki ta ƙara da dokar da ta hana sauya wa irin wannan fili manufa sai an saurari mutanen unguwa a bainar jama'a, to an rufe babbar ƙofa. Filayen makarantun gwamnati kuwa, waɗanda a unguwanni da yawa su kaɗai suka saura, ana iya buɗe su bayan an tashi, da mai gadi da alawus ɗinsa.

Masu hali ma suna da rabo a ciki. Attajiranmu ba sa ƙyashin gina masallaci da haƙa rijiyar burtsatse, Allah ya saka musu, amma da wuya ka ji wanda ya yi wakafin fuloti huɗu ya dasa mangwaro da darbejiya ya ce na yaran unguwa ne har abada, alhali hadisi ingantacce ya nuna cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. A unguwar da nake zaune yanzu saura fili ɗaya tak, bayan masallacin Juma'a, inda yara ke ƙwallo da yamma, ake kuma sallar gawa in jama'a sun yi yawa. Mun rubuta takarda mu goma sha biyu mun kai wa mai unguwa da kansila muna roƙon a yi masa rajista da sunan al'umma, kuma har yanzu amsa muke jira.