Masu tara faifai sun mayar da Pixote kayan ado

Tun da kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da fim ɗin Pixote a faifai a shekarar 2020, cikin wani ƙunshi na tsofaffin finafinai shida da gidauniyar darakta Martin Scorsese ta sa aka gyara, zancen fim ɗin ya koma bakin masu tara faifai. Abin da ya dame su bai wuce kyawun hoto da zanen kwali da kuɗin da ƙunshin zai kai ranar da ya yanke a kasuwa ba, kuma wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai ƙwarai.

Darakta Hector Babenco ya fitar da fim ɗin a Brazil a 1980, bayan ya ɗebo yawancin 'yan wasansa daga unguwannin talakawan São Paulo. Labari ne na yaron da 'yan sanda suka kwashe daga titi suka jefa gidan gyaran hali, inda ya ga duka da fyaɗe da kisa, har ya tsere ya faɗa sata da safarar hodar iblis tun bai balaga ba. Fernando Ramos da Silva, wanda ya fito a matsayin Pixote, ya yi suna a duniya, amma ƙarancin karatu ya hana shi ɗorewa a harkar, ya koma garin Diadema da ke gefen São Paulo cikin talaucin da aka same shi, kuma a can 'yan sanda suka harbe shi a watan Agustan 1987 yana da shekara 19. A 1993 kuma aka bindige matasa takwas da ke kwana a kusa da cocin Candelária a birnin Rio na Brazil, daga baya kotu ta samu 'yan sanda da laifi.

Masu tarawa suna cewa da kuɗinsu ake ceto irin waɗannan finafinai, alhali gidauniya ce ta ɗauki nauyin gyaran a birnin Bologna na Italiya tun kafin ƙunshin ya fito. Mutumin da ya sayi faifan ya jera shi a kabad, ko ledarsa bai ɓare ba don kada farashinsa ya faɗi, kasuwanci yake yi da wahalar yaron da aka kashe, duk sunan da ya raɗa wa abin.

Ya kamata masu haƙƙin fim ɗin su sake shi ga gidajen talabijin na gwamnati, a kuma nuna shi ga 'yan sanda masu karɓar horo da ma'aikatan gidajen tsare yara.