Mutumin da ya tsira domin ya tafi aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ranar Litinin 8 ga Disamba, 2008, alhazai suna Mina suna jifa, ranar Babbar Sallah. A daidai ranar, can a birnin San Diyego na ƙasar Amurka, wani jirgin yaƙi samfurin F/A-18 ya taso daga kan jirgin ruwan soja. Injinsa ɗaya ya samu matsala aka kashe shi, ɗayan kuma mai ya daina isa gare shi. Saura kaɗan ya kai sansanin Miramar sai ya rikito cikin unguwa, kan gidajen mutane. Matuƙin ya yi tsalle da lema, ya rayu.

A ɗaya daga cikin gidajen akwai wata mata 'yar asalin Koriya, da mahaifiyarta, da 'ya'yanta mata biyu: babbar wata 15, ƙaramar ko wata biyu ba ta cika ba. Duk huɗun suka rasu. Maigidan ya tsira, domin ya tafi wurin aiki.

Mutanen Gwammaja a Kano sun san irin wannan rana, tun da jirgin fasinja ya faɗo musu a watan Mayun 2002. Kana cikin ɗakinka, tukunya a kan wuta, ajali ya sauko ta rufi. Allah ya faɗa a Suratun Nisa'i, aya ta 78, cewa duk inda muke mutuwa za ta riske mu, ko da muna cikin gine-gine masu ƙarfi.

Amma abin da ya hana ni sakat shi ne abin da maigidan nan na San Diyego ya yi washegari. Ya tsaya kusa da tokar gidansa, muryarsa tana rawa, ya roƙi jama'a su yi wa matuƙin addu'a kada abin ya zame masa azaba, ya ce bai riƙe shi a zuciya ba. Kwana ɗaya tak da rasa iyalinsa gaba ɗaya! Ba Musulmi ba ne, amma wallahi da na tuna da shi sai hadisin Manzon Allah (SAW) ya faɗo mini, cewa haƙuri yana a bugun farko. Mu da aka karantar da mu wannan tun muna yara, ɗan'uwa ya taɓa mana mota a hanya sai zagi ya riga salati fitowa.

Kada kuma wani ya ɗauka yafiya ta share sakaci. Bincike ya nuna an san jirgin yana da matsalar mai tun da daɗewa aka ci gaba da tashi da shi, kuma akwai sansani mafi kusa da ya kamata ya sauka. An hukunta hafsoshi, iyalan suka je kotu, a 2011 aka yanke musu diyyar dala miliyan 17.8. Ya yafe wa wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, ya nemi haƙƙinsa wurin waɗanda suka yi sake, kuma abubuwan biyu ba su ci karo da juna ba.

Allah ya jiƙan mamatanmu na Gwammaja, ya ba waɗanda suka bari haƙuri.