Ƙibar bayan tiyatar maƙoƙo ba daga ci kaɗai take zuwa ba

Na karanta inda kuka ce waɗanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo suna ƙiba ne saboda yawan ci da rashin motsa jiki. Gaskiya ba nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Shekara uku ke nan da aka cire min tayirod, wato halittar gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, gaba ɗaya. Cikin wata biyar rigunan da na ɗinka na Sallah suka matse ni, ina jin sanyi ko da tsakar rana a watan Afrilu, ga kasala kamar an zare min laka.

Ashe yadda nake shan levothyroxine, ƙwayar maganin da ke maye gurbin sinadarin da tayirod ke samarwa, ne matsalar. Da shayi mai madara nake haɗiye ƙwayar, in bi ta da kalsiyam ɗin da aka rubuta min bayan aiki. Sai da likita ta ga TSH ɗina ya hau a gwajin jini, alamar maganin ba ya isar jikina, ta zaunar da ni. Da ruwa zalla ake sha, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Kalsiyam da maganin ƙarin jini kuwa a ba su tazarar awa 4 tsakaninsu da ƙwayar. Har awara tana rage shigar levothyroxine jiki, ni kuwa kusan kullum sai na ci.

Bayan sati 6 aka sake gwaji, aka ƙara min adadin. Ƙibar ba ta tafi duka ba, amma kumburin fuska ya saɓe. Don Allah 'yan uwa, kada ku ƙara wa kanku ƙwayar don neman rama, yawanta na jawo bugun zuciya da raunin ƙashi.