Hayaƙi ba ya buɗe bututun kashe gobara

Masu rumbunan ajiyar kaya da yawa a Garwa da Injamena suna ƙin sa bututun yayyafin ruwa a silin, wai da zarar wani ya kunna taba, ruwa zai sauko ko'ina ya jiƙa auduga da atamfa. Ba haka abin yake ba. A tsarin da aka fi amfani da shi, kowane kan yayyafi a toshe yake da 'yar kwalba mai ruwa a ciki, kuma zafi ne kaɗai ke fasa ta. Wanda ke saman wutar shi ke buɗewa, sauran suna nan a rufe.

Launin kwalbar shi ke nuna zafin da take fashewa: ja digiri 68, rawaya 79, kore 93. A nan ne mai zana tsarin yake yin kuskure a yankinmu. Ƙa'ida ita ce kwalbar ta ɗara zafin silin da kusan digiri 30. A watan Afrilu, lokacin da zafin waje ya wuce 40, ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka nesa ba kusa ba, don haka ja ba ta dace da wurin ba. Rawaya ko kore ake sawa.

Abin da ya fi kashe tsarin kuwa shi ne bawul da aka rufe lokacin gyara aka manta da shi, da famfon lantarki wanda ba shi da na dizal a gefe, alhali gobara kan fara da yanke wutar lantarki. Tankin ma a ware shi, kada a riƙa ɗiban ruwan wanka a ciki. Kada a shafa wa kan yayyafi fenti, kuma a bar tazarar rabin mita tsakaninsa da buhunan da aka jibge.